Maganin ƙarfin maza da hawan jinin ido: Kada garin neman gira a rasa ido

A tashoshin mota da bakin kasuwanni, da wuya yini ya wuce ba a ji lasifika tana tallar maganin ƙarfin maza ba. A kemis ɗin unguwa kuwa, cinikin ya fi kankama bayan sallar Isha'i, lokacin da magidanci zai raɓo, ya yi ƙasa da murya, ya miƙa kuɗi, a naɗo masa ƙwaya a 'yar takarda. Ba a tambayi shekarunsa ba, ba a tambayi ko yana da hawan jini ko ciwon suga ba, balle a kai ga zancen idonsa. Yanzu kuma kasuwar ta shiga waya. A Facebook, TikTok da WhatsApp ana tallar zuma, kofi da shayi da ake cewa na gargajiya ne zalla, a kuma aiko wa mutum har ƙofar gida.

Raunin mazakuta ciwo ne kamar kowane ciwo, neman maganinsa kuma ba abin kunya ba ne. Aure da yawa ya girgiza a kansa, kuma magungunan asibiti da aka yi dominsa suna aiki, sun rufa wa maza masu yawa asiri a faɗin duniya. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba a wajen saye: me ƙwayar ke yi wa ido, musamman idon mai ɗauke da cutar gilakoma, wadda aka fi sani da hawan jinin ido?

Amsar da bincike ya bayar zuwa yanzu ita ce ba a tabbatar cewa ƙwayar na haddasa hawan jinin ido ba. Abin da aka tabbatar shi ne tana taɓa ido ta wasu hanyoyi, kuma wanda jijiyar idonsa ta riga ta raunana ya fi kowa buƙatar taka-tsantsan. A Najeriya kuwa, mafi yawan masu irin wannan jijiya ba su san halin da suke ciki ba. A nan gizo ke saƙar.

Cutar da ba ta yin sallama

Sunan "hawan jinin ido" kan rikita mutane, domin ba jini ne ke hawa ba. A gaban ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai da idon ke samarwa dare da rana, yana ciyar da sassan da jini ba ya isa, sannan ya fita ta wata 'yar magudana mai kama da rariya da ke zagaye da baƙin ido. Idan magudanar ta fara cushewa sai ruwan ya taru, matsin da ke cikin ido ya ƙaru. A ma'aunin likitoci, matsin lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 zuwa 21. Idan ya daɗe sama da abin da idon zai iya jurewa, sai ya riƙa danne jijiyar da ke kai saƙon gani zuwa ƙwaƙwalwa.

Jijiyar nan tana ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan ɗaya, kuma duk zaren da ya mutu ya tafi ke nan. Wannan ne bambancinta da yanar ido, wadda ake cirewa da tiyata mutum ya koma yana gani tar. Mutum zai iya samun gilakoma alhali hawan jininsa na jiki lafiya lau yake. Wasu ma sukan same ta duk da matsin idonsu bai wuce ƙa'ida ba, saboda jijiyar tasu ba ta samun isasshen jini.

Nau'in da ya fi yawa a Afirka ta Yamma ba ya zuwa da ciwo, ba ya sa ido ja. Gani yana fara zaizayewa daga gefe-gefe, tsakiya kuma tana nan daram, mutum yana karatu, yana tuƙi, yana ƙirga kuɗi. Kafin ya fara tuntuɓe da kujera ko ya ji babur ya wuce ta gefensa bai gan shi ba, ɓarna ta riga ta yi nisa. Sannan cutar ta fi saurin kama baƙar fata, ta fi kuma yi musu tsanani.

Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 zuwa 2007, wanda ya duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa kimanin mutum 5 cikin kowane 100 na ɗauke da gilakoma. Ita ce ta biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido. Cikin waɗanda aka samu da ita, kashi 5.6 cikin 100 kacal suka san suna da ita, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Ke nan a cikin masu cutar 20, kusan 19 suna yawo ba su sani ba. Shekarun da cutar ke kamawa kuma su ne shekarun da magidanta suka fi neman maganin ƙarfin maza.

Yadda ƙwayar ke isa ido

Sinadarin sildenafil, wanda ke cikin Viagra, kamfanin Pfizer ne ya samar da shi a Ingila. Da farko an gwada shi ne domin ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya, sai aka lura da wani tasirin da yake yi wa maza. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a watan Maris na 1998. A 2003 aka ƙara da tadalafil, mai sunan kasuwa Cialis, da kuma vardenafil, wato Levitra.

Aikinsu iri ɗaya ne. Idan sha'awa ta motsa, jiki kan aika saƙon da ke sa jijiyoyin jini na gaba su saki, jini ya kwarara ya cika su. Akwai wani sinadari a jiki da ake kira PDE5 wanda aikinsa shi ne rusa wannan saƙo. Ƙwayar tana taka masa birki, saƙon ya daɗe. Amma magani ba ya zuwa wuri ɗaya kaɗai, duk inda jini ya je yana biye. Shi ya sa masu sha ke kokawa da ciwon kai, toshewar hanci da ɗumin fuska, hawan jini kuma ya ɗan sauka.

A tantanin bayan ido, inda haske ke komawa saƙo, akwai ɗan uwan wancan sinadari mai suna PDE6. Sildenafil yakan ɗan taɓa shi ma. Wannan ne dalilin da wasu ke ganin komai ya yi shuɗi-shuɗi, ko haske ya riƙa kashe musu ido, ko gani ya yi dishi-dishi na wasu sa'o'i. Yawan abin da aka sha shi ne yawan abin da za a gani. A ƙa'idar da likita ya rubuta, alamun kan wuce idan maganin ya bar jiki. Tadalafil bai cika taɓa wannan sinadari ba, amma yakan kai sa'o'i 36 yana aiki, saɓanin sildenafil da ke yin kamar sa'o'i huɗu.

Me aka gani game da matsin ido?

A 2001, masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun ba wasu masu gilakoma sildenafil mai ƙarfin 100, suka riƙa auna idonsu na sa'o'i, ba su ga wani canjin a-zo-a-gani ba. Daga baya wasu masana a Ajantina sun ga matsin ya tashi a idon tumaki, sannan a mutane ma ya ɗan hau na ɗan lokaci ya koma yadda yake. Idan aka haɗa waɗannan gwaje-gwaje, abin da ya fito shi ne: ko dai matsin bai motsa ba, ko ya ɗan tashi ya sauka cikin sa'o'i. Gwaje-gwajen dai ƙanana ne, kuma galibi sha ɗaya aka yi aka auna.

Saboda haka duk mai cewa ƙwaya ɗaya na sa gilakoma ya wuce gona da iri. Mai cewa babu komai shi ma ya yi gaggawa, saboda lafiyar jijiyar ido ba a kan matsin ido kaɗai ta dogara ba. Tana rayuwa ne a tsakanin ƙarfi biyu: ƙarfin jinin da ke turowa ya ciyar da ita, da matsin ido da ke tokare shi. Idan na farko ya ragu ko na biyu ya ƙaru, abincin jijiya ya ragu. Hawan jinin ɗan Adam kan sauka da kansa cikin barci, ƙwayar kuma da dare aka fi shan ta, wani ma ya haɗa da maganin hawan jininsa a lokaci guda. Lafiyayyen ido yana iya daidaita kansa. Idon da gilakoma ta cinye rabin jijiyarsa ba shi da wannan rarar, shi ya sa likitocin ido ke son sanin duk abin da mai cutar da ta yi nisa ke sha.

Akwai kuma wani nau'in gilakoma da ke zuwa farat ɗaya, inda magudanar ke rufewa gaba ɗaya. Ido ya yi ja, ya yi zugi mai tsanani, kai ya sara, ga amai, mutum ya riƙa ganin bakan gizo kewaye da fitila. An samu rahotanni ƙalilan na faruwar hakan bayan shan sildenafil. Rahoton mutum ɗaya ko biyu ba ya zama hujja, amma alamun da kansu na gaggawa ne, ko an sha magani ko ba a sha ba, domin ido na iya tafiya cikin kwana ɗaya ko biyu.

Haɗarin da aka rubuta a jikin kwali

Abin da ya fi tayar wa likitoci hankali wata matsala ce da suke kira NAION a taƙaice, wato katsewar jini ga kan jijiyar ido. Ana iya kwatanta ta da shanyewar ɓarin jiki, amma a ido. Mutum yakan wayi gari ya ga ido ɗaya ya dushe, ko rabin abin da yake kallo ya ɓace, ba tare da wani ciwo ba. Sau da yawa ganin ba ya dawowa yadda yake, kuma har yau babu maganin da aka tabbatar yana gyara shi.

A 2005, bayan samun rahotannin irin wannan a tsakanin masu shan magungunan, FDA ta sa aka ƙara gargaɗi a takardar Viagra, Cialis da Levitra: duk wanda ganinsa ya ragu kwatsam ya daina sha, ya nemi likita nan take. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne waɗanda suka haura 50, masu ciwon suga, hawan jini, yawan kitse a jini ko ciwon zuciya, masu shan taba, da waɗanda aka halicci kan jijiyar idonsu a matse. Wannan na ƙarshe mutum ba ya sanin yana da shi sai likita ya leƙa cikin idon. Wanda abin ya taɓa samu a ido ɗaya kuwa, ɗayan idon na cikin haɗari idan ya ci gaba da sha.

A 2022, masana a Jami'ar British Columbia ta Kanada sun bi bayanan maza fiye da 213,000 masu amfani da magungunan a kai a kai. Sun gano cewa haɗarin samun ɗaya daga cikin matsaloli uku, wato katsewar jini ga jijiyar ido, toshewar jijiyoyin jinin tantanin ido, da taruwar ruwa a ƙarƙashin tantanin, ya fi na sauran da kashi 85 cikin 100. Adadin yana da ban tsoro a kunne, amma a zahiri ana maganar kimanin mutum 15 ne cikin 10,000 a shekara. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya yanke hukuncin cewa maganin ne sanadi. Duk da haka, ga wanda ido ɗaya ya rage masa, ƙaramin haɗari ma babba ne.

Ƙwayar da ba a san cikinta ba

Duk waɗannan alƙaluma an samo su ne daga mutanen da likita ya rubuta wa magani, suka san sunansa da ƙarfinsa. Sildenafil yana zuwa ne da ƙarfin 25, 50 da 100. An saba farawa da 50, kuma ba a sha fiye da sau ɗaya a yini. A kasuwar bayan fage babu wannan lissafi. Mai saye yakan nemi "mai ƙarfin", idan ɗaya bai yi ba ya ƙara na biyu, wani ya kora da lemon ƙarin kuzari ko ya haɗa da tiramol.

An ga abin da wuce ƙa'ida ke yi. A 2018 likitoci a birnin New York sun ba da rahoton wani mai shekara 31 da ya sayi sildenafil na ruwa ta intanet, ya sha fiye da ƙima. Ganinsa ya rine ya koma ja, bayan shekara guda bai washe ba, hoton da aka ɗauka kuma ya nuna ƙwayoyin da ke tantance launi sun lalace. A 2020 wani likita a Turkiyya ya ba da rahoton maza 17 da suka sha mai ƙarfin 100 a karon farko ba tare da takardar likita ba. Sun je asibiti da gani mai shuɗi da dishi-dishi, kuma sai da aka kai mako uku kafin dukkansu su warware.

Kayan da ake cewa na gargajiya ne ma ba su tsira ba. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan magungunan ƙarin kuzari marasa rajista, kuma a 2022 FDA ta gargaɗi wasu kamfanoni huɗu bayan ta gano sildenafil ko tadalafil a ɓoye cikin zumar da suke sayarwa. Wanda ya guje wa maganin bature saboda tsoro, ya koma ga zuma ko kofi, yana iya shan sinadarin nan dai, ba tare da sanin yawansa ba. Ga mai ciwon zuciya da ke shan magungunan ciwon ƙirji irin su isosorbide ko nitroglycerin, haɗuwarsu da sildenafil na iya sa jini ya faɗi warwas har a rasa rai.

Tushe ɗaya

Masu talla kan ɗora raunin mazakuta a kan basir, sanyi ko dattin ciki. A wajen wanda ya haura 40, sau da yawa tushen yana cikin jijiyoyin jini, waɗanda ciwon suga, hawan jini, kitse da taba ke lalatawa. Jijiyoyin gaba sirara ne, su kan riga nuna alama. Na ido sun fi su siranta. Ke nan raunin da magidanci ya lura da shi a ɗaki yana iya zama ƙararrawar farko cewa zuciya, ƙoda da ido ma na buƙatar a duba su. Wanda ya rufe bakin ƙararrawar da ƙwaya ya bar ciwon yana ci gaba da aikinsa.

Akwai kuma wani ɓangaren da masu gilakoma ke jin nauyin faɗa. Maganin ɗigon ido mai suna timolol, wanda aka fi rubutawa saboda arharsa, yana shiga jini, kuma a wasu maza yana rage kuzari. Wanda ya ga haka sai ya ajiye ɗigon a ɓoye, ko ya nufi kemis neman ƙwaya. Ajiye ɗigon ya fi kowace ƙwaya haɗari ga idonsa. Akwai wasu nau'o'in ɗigo da likita zai iya canza masa da su, muddin ya faɗa.

Abin da ya kamata a yi

Nauyin farko yana kan magidanta. Duk wanda ya kai 40, musamman mai niyyar fara shan waɗannan magunguna, ya je a auna matsin idonsa, a leƙa jijiyar, idan da hali a gwada faɗin ganinsa. Gwajin tabarau kaɗai bai wadatar ba. A maimaita duk shekara ɗaya zuwa biyu. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan uwansa na jini ya makance da tsufa ba tare da an san dalili ba, kada ya jira 40, domin cutar na bin jini. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, Asibitin Ido na ECWA da ke Kano da sassan ido na asibitocin koyarwa duk suna wannan gwaji. A auna suga da hawan jini a tafiya guda.

Mai gilakoma da ke bin maganinsa, matsin idonsa kuma ya daidaita, yawanci ba a hana shi sha, amma likitan ido ne zai yanke, bayan ya ga yadda jijiyar take. Wanda cutarsa ta yi nisa, mai ido ɗaya, wanda jini ya taɓa katsewa a jijiyar idonsa, da mai dundumin gado, kada su kusanci ƙwayar sai da izinin likita.

Likitoci su ma da nasu. Majinyaci ba zai fara ɗauko wannan zance ba, musamman idan ɗansa ne ya rako shi ko akwai mutane a ɗakin. Ya kamata likitan ido ya keɓe da shi ya tambaya, kamar yadda yake tambayar maganin hawan jini. Mai rubuta sildenafil kuma ya tambayi yaushe rabon mutum da duba ido.

Sildenafil da tadalafil magunguna ne da doka ta ce sai da takardar likita, ƙananan kemis kuma ba su da hurumin sayar da su. Hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa, PCN, da NAFDAC suna da ikon tabbatar da hakan. Ana buƙatar su riƙa ɗibar zuma, kofi da jiƙe-jiƙen da ake tallatawa suna gwadawa, su sanar da sakamakon da Hausa a rediyo da shafukan sada zumunta, inda masu saye suke. Gidajen rediyo da ke karɓar kuɗin irin wannan talla su nemi shaidar amincewar NAFDAC kafin su saka. A haɗa da maganin ɗigon ido mai sinadarin dexamethasone da ake sayarwa barkatai domin jan ido da ƙaiƙayi, wanda shi kam an tabbatar yana ɗaga matsin ido idan aka daɗe ana ɗigawa.

Gwamnatocin jihohi kuma su kai na'urar auna matsin ido da ma'aikacin da ya iya ta manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Ba daidai ba ne sai mutum ya yi tafiyar yini zuwa babban birni domin gwajin da bai wuce 'yan mintoci ba. Makon gilakoma na duniya da ake yi kowane watan Maris dama ce ta kai gwajin tashoshi da kasuwanni, wuraren da masu lasifika suka riga kowa kafa tuta.

Duk wanda ya sha irin wannan magani ya ga ido ɗaya ya dushe, ko wani ɓangare na ganinsa ya ɓace, ko ido ya yi ja da zugi, ko launi ya rine bai washe ba har washegari, ya daina sha, ya tafi asibitin ido a ranar. Ya tafi da kwalin ko kwalbar abin da ya sha, ya kuma faɗa wa likita gaskiyar guda nawa ya sha da lokacin da ya sha.